Gidan da Ke Cikin Kaset

Ranar da suka bar unguwar Karantina ta Jidda saboda rusau, Hajiya Aishatu ba ta kula gado ba, ba ta kula firij ba. Wata tsohuwar kwamfuta 'yar Japan ta naɗe a zane, ta rungume ta har unguwar Safa, gidan 'yarta Munira. Surukinta ya so ya yi dariya, ta watsa masa harara, ya haɗiye abarsa.

Kwamfutar ba irin ta yanzu ba ce. Allon maɓallai ne mai kauri, haruffan Larabci da na boko, sai an jona shi da talabijin. Marigayi mijinta Abdelkader, kafinta mutumin Cadi, shi ya saye ta kusan shekara arba'in baya. Wata uku ya yi yana buga lambobi da yatsa ɗaya, tana masa tsiya wai babba da shi ya koma wasan yara. Ran nan ya kira ta. Sai ga gidansu yana fitowa a talabijin layi bayan layi: koriyar ƙofa, tagar nan da ta karkace, darbejiya, har igiyar shanya da jan zanenta. Ba su taɓa ɗaukar gidan hoto ba. Wa ke ɗaukar hoton inda yake kwana kullum? Yanzu gida ya zama fili, mai gida yana ƙasa, ita kuwa ta sa a ranta gidan yana nan cikin akwatin, sau ɗaya kawai take so ta sake ganinsa.

Munira ta kai ta, ita da kwamfutar, unguwar Sharafiyya wurin Nomau, wani dattijo mutumin Nijar mai gyaran rediyo. Ya kwance kusoshi ya ɗaga murfi, ya yi tsaki. Wasu 'yan kayan wuta huɗu da ake kira kwandansa, ƙanana kamar gyaɗa, sun kumbura sun yi tsiyaya a kan koren allon ciki.

"Allah ya taimake ki ba ki jona ta ba, Hajiya. Ta wutar ɗari da goma ce, wutar yanzu ta fi ƙarfinta, da tuni ta ƙone." Ya nuna mata wani baƙin abu dogo mai ƙafafu arba'in. "Wannan ne ƙwaƙwalwarta. In yana da rai, za ta tashi."

Kwana tara Hajiya ba ta bar Munira ta sha ruwa ba da tambaya. Ran na goma da hantsi suka koma. Nomau ya danna maɓalli, talabijin ya yi shuɗi, fararen haruffa suka fito, da wani ɗan murabba'i yana jira. Hajiya ta gyara zama, ta goge tabarau.

"To, Malam Nomau, ina gidan?"

"Wane gida, Hajiya?"

Ta ba shi labari tiryan-tiryan. Ya daɗe yana juya sukudireba a hannu.

"Bon. Irin waɗannan ba sa riƙe komai. Ana ɗauke musu wuta sun manta. Abin da mutum ya yi, a kaset yake ajiye shi. Marigayi ba ya jona ta da rikoda?"

Yana jonawa mana, da wata igiya ruwan toka. Kuma ta tuna katan ɗin kaset da ta zauna ta tace ana saura kwana biyu a rushe unguwa. Na saƙon dangi daga Abeche ta Cadi ne, da na wa'azi. Ɗaya bayan ɗaya ta saka su a rikoda, mai murya ta ajiye. Guda ɗaya mai jan salatif babu murya a ciki, sai wata ƙara mai tsinin gaske kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe. Ta ce zafin Jidda ya lalata shi, ta jefa shi bola.

"Yana ƙara?" in ji Nomau a hankali. "Ai lafiyarsa lau. Ƙarar ita ce gidan, Hajiya."

Munira ta dafa kafaɗarta. "Halas ya Ummi, ya isa haka, yalla mu tafi."

Ba ta motsa ba. Baƙin cikin da bai kama ta ba ranar da katafila ta shiga layinsu, yau ya kama ta a shagon mai rediyo, hawaye yana bin tabarau. Ta zura wa shuɗin talabijin ido.

"Na ji shi fa, Munira," ta ce. "Da kunnena na ji gidanmu. Ko minti ɗaya ban bari ya yi ba na kashe."