Kowa a Gurbin Ubansa

Shekara talatin da huɗu Nello Sbarra ya yi yana jiran sandar nan. Ba wata sanda ce ta a zo a gani ba, gora ce mai kan azurfa da aka naɗe da ƙyalle ja da fari da kore. Amma a Ƙungiyar Waliyyi Felice layi ake bi, shekara ɗaya tak mutum yake riƙe ta, kuma wanda ya riƙe ta shi ne kapo, wato shugaban masu ɗauka. Shi zai tsaya gaban hasumiya ranar Lahadin biki, ya ɗaga sanda, maza su ɗaga hasumiyar da waliyyi a kanta. Nello ya shiga layin da gashi a kansa. Yau ga shi da shekara saba'in da ɗaya, da haƙoran roba, da gwiwar ƙarfe guda, sai ga sanda ta iso.

Ta iso a makare. Tun Ista Fada, limamin cocinsu, ya tara su a ɗakin ƙasa na coci ya faɗa musu ba kwana-kwana: in bana hasumiya ba ta tashi a kafaɗa ba, tayoyi za a sa mata, akori-kura ta ja ta, kuma haka za a ci gaba. Ga motar can bayan coci tun safe, direban yana ciki da iyakwandishan yana cin tsiran alade da tattasai.

Hasumiyar tana tsakiyar titi, tsayin bene huɗu, mutum-mutumin waliyyi a can ƙololuwa yana kallon New Jersey kamar an ce masa zai biya kuɗin wuta. Da bene shida ce, aka rage ta sau biyu. A gindinta akwai dandamali, 'yan badujala bakwai suna zaune a kai, don su ma da su ake ɗagawa. Ƙarƙashin dandamalin kuma dogayen itatuwa sun fito ta kowane gefe, nan ake sa kafaɗa. A zamanin uban Nello mutum ɗari da ashirin ke shiga. Bayan ragin da aka yi, hamsin da biyar ma za su iya.

"Hamsin da takwas," in ji Saverio Tufano, sakataren ƙungiya, yana fifita da takardar sunaye. "Har da rarar uku. Kapo, ka yi murmushi mana, ba jana'iza muka zo ba."

"Zagaya baya ka gani."

Saverio bai zagaya ba. Ya san abin da ke can.

Kowane gurbi a jikin itatuwan nan yana da suna, an ƙona shi da jan ƙarfe tun kakanni. Nappi. Sbarra. Vecchione. Inda ubanka ya sa kafaɗa nan za ka sa, inda kakanka ya yi gumi nan za ka yi. Dangin gaba da na hagu sun hayayyafa, Allah ya yi musu albarka. Dangin baya ta dama kuwa, su Iovino da su Manganiello, rabi sun tafi Florida, rabi suna maƙabartar da ke bayan tashar jirgi. Saboda haka a gaba ƙarti sun cunkushe kamar kifin gwangwani, mutum uku a gurbin mutum ɗaya, a kusurwar baya ta dama kuma mutum huɗu ne. Ɗaya a cikinsu likita ya hana shi ɗaukar ko jikarsa.

Nello ya nufi Ciro Nappi, wani jibgegen mutum mai wuya kamar turmi, da ya zo da 'yan uwansa takwas, dukansu sun manne a itace guda.

"Ciro, ɗana, ba ni mutum biyar su koma baya."

"Baya ina, Kawu Nello?"

"Kusurwar Iovino."

Ciro ya kalli 'yan uwansa, suka yi dariya. "Kawu, awa uku na yi ina tuƙi daga Pennsylvania. Ba don in ɗauki itacen Iovino na zo ba. Ga sunanmu nan, karanta."

"Na iya karatu tun ba a haife ka ba."

"To ka san babana a nan ya tsaya har shekarar da zuciyarsa ta buga. In koma baya in ce wa mamata me? Ga ta can a kujera da waya tana ɗauka."

"Ka ce mata waliyyi ne ya aike ka."

"Waliyyi ya san inda muke zama, Kawu. Shekara ɗari bai yi ƙorafi ba."

Ya je wajen su Vecchione. Babbansu ya ce shi kam ba ya jin turancin baya. Ya je wajen 'ya'yan ƙanensa, Sbarra biyu, jininsa. Ƙaramin ya ɗaga hannun riga ya nuna masa kantar kafaɗarsa ta hagu, ya ce a kusurwar can da dama ake ɗauka, shi damarsa ba ta san aikin ba. Kowa da ladabi ya ƙi. Wani ma har ya sumbace shi a kunci kafin ya ƙi.

Rana ta take, kwalta ta fara laushi. Nello ya tsaya a inuwar rumfar yayarsa Filomena, wadda shekara hamsin ke nan tana soya fanke a bikin nan tana barbaɗa masa sukari tana zagin masu saye.

"Sun ƙi, ko?"

"Sun ƙi."

"Shashashai, 'ya'yan shashashai. Ni na yi wa rabinsu tsarki." Ta nuna da matsamin mai. "Ga ƙarti can a bakin ƙofa, me ya same su?"

Gidajen layin yanzu na 'yan Dominika ne da 'yan Bangladesh. Samarinsu sun fito sun zauna a matakala suna kallo, wasu da kafaɗu kamar ƙofar gareji.

"Sunansu yana jikin itace?" in ji Nello.

Filomena ta kira shi da cikakken sunansa. "Kai ma ɗaya ne a cikinsu, Aniello. Karɓi, ci. Matsa, kana tare mini ciniki."

Ƙarfe biyu Fada ya fito ya yayyafa ruwan albarka, ya kalli agogo, ya kalli Nello. Mai waƙa ya hau dandamali ya rera waƙar waliyyi da yaren ƙauyen kakanninsu da ba wanda ya rage yana ji sai tsofaffi shida. Maza suka durƙusa suka shiga ƙarƙashin itace. Nello ya tsaya a gaba. Shekara talatin da huɗu yana gwada wannan tsayuwar a madubin banɗaki.

Ya ɗaga sanda. Bigila ta tsaga iska. Ya sauke sandar.

Gaba ya tashi kamar takarda. Baya ta dama ko motsi. Hasumiya ta karkata, waliyyi ya jingina baya kamar wanda ya sha ya yi tatil, mai babbar ganga ya zame daga kujerarsa ya faɗa kan mai kuge. Mata suka yi salallami da Uwar Yesu. Nello ya yi ta kaɗa sanda a sauke, aka sauke, ƙasa ta girgiza.

Aka yi tsit, ban da janareton mai sayar da lemo.

"Saura kaɗan," in ji Ciro daga ƙarƙashi. "Na baya ne ba su ci abinci ba."

Nello ya juya. Ya miƙa wa Saverio sandar, kamar mai ba da ajiyar lema.

"Kapo, me kake yi?"

"Riƙe."

"Ba a ba ni ba. Ni shekara tara ta rage mini a layi."

"To riƙe ta kamar tsintsiya."

Ya tuɓe farar rigarsa ta kapo, wadda Filomena ta yi wa guga sau biyu, ya rage daga shi sai singileti. Ya bi ta gefen hasumiya yana ɗingishi, a gaban kowa, ya wuce itacen Nappi, ya wuce itacen Sbarra inda sunan ubansa yake, bai ko kalle shi ba. Ya kai kusurwar baya ta dama, ya sunkuya, ya sa kafaɗarsa daidai kan sunan Iovino. Itacen da zafi. Gwiwar ƙarfen ta yi wata ƙara da shi kaɗai ya ji.

Ya jira. Lissafinsa mai sauƙi ne: in sun ga kapo da kansa, ɗan saba'in da ɗaya, a gurbin wani, kunya za ta kama su.

Kunyar ta kama mutum biyu. Ƙaramin ɗan ƙanensa ya zo yana ƙunƙuni, sai wani surukin Vecchione wanda dama ba shi da suna a ko'ina. Sauran suka tafa masa. Tafi sosai, har da fito. Mamar Ciro ta juyo da wayarta tana share hawaye. Kowa ya yarda abin da Kawu Nello ya yi abin a yaba ne, kuma kowa yana nan inda ubansa ya bar shi.

Bakwai ke nan a kusurwar da ke son goma sha huɗu.

"Saverio," ya kira daga ƙarƙashi. "Ba su alama."

"Ba ni da iko, Nello. Ka san doka."

"Ba su alama, don girman Allah."

Saverio ya ɗaga sandar rabi da rabi, kamar mai tsoron ta cije shi. Mai bigila bai san ko ya busa ba, ya busa a makare. Gaba ya tashi kafin kiɗa, hagu bayan kiɗa. Nello ya tura da duk abin da ya rage masa. Itacen ya rabu da ƙasa, ya ji shi, kamar faɗin tafin hannu. Ya ji nauyin ya sauko ta wuyansa zuwa ƙugu. Tsohon da likita ya hana ɗauka ya saki, nauyinsa ya dawo kan na kusa da shi, shi ma ya saki. Kusurwar ta koma ƙasa ta zauna.

Fada ya ɗaga hannu. Ba sanda gare shi ba, amma shi kowa ya gani.

Minti ashirin aka yi ana sa tayoyin. Su Nappi ne suka taimaka, da ƙarfinsu da fara'arsu, don sa taya ba shi da gurbi. Nello yana zaune a bakin kwalbati, Filomena ta ɗora masa ƙanƙara a kafaɗa, ba ta zage shi ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Saverio ya zo ya ajiye masa sandar a cinya ya tafi da sauri.

Akori-kura ta yo baya tana ƙyat-ƙyat, aka ɗaura sarƙa. 'Yan badujala suka gyara zama suka saki kiɗan rawa, wanda da shi ne maza ke girgiza hasumiya a kafaɗa har waliyyi ya yi kamar yana taka rawa. Yanzu ba abin da ya girgiza. Maza hamsin da takwas suka jeru a gefenta, kowa ya ɗora hannu a kan sunan gidansu.

Direban ya sauke gilashi ya leƙo, da maiƙo a haɓarsa.

"Wane ne mai sandar? An ce kai za ka shiga gaba. Ka yi sauri-sauri, Baba, ƙarfe huɗu ina da kwasar kaya a Newark."

Nello ya dafa sandar ya miƙe. Ya shiga gaban motar.