Zanen da Na Manna a Madubi

Ni mai aski ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerata ya san bakina ya fi almakashina kaifi. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a. Mutum zai shigo fuska a murtuke, kafin in gama gyara masa ƙeya na sa shi dariya har sai na ce ya tsaya cak kada in yanke shi. Da wannan nake taƙama, ban taɓa ɓoyewa ba. Abin da zan faɗa yanzu kuwa, ko tuna shi na yi sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A farkon Satumba autarmu ta tafi karatu wani gari, gidan ya rage daga ni sai maman yara. Ita kuma watanta uku ke nan da ajiye aiki a ɗakin wanki na asibiti. Macen da ta saba kai-kawo tun asuba, sai ga ta a falo tana goge teburin da ta goge ɗazu. Kaka ta shigo, zafi ya fara sauƙi, rana ta fara saurin faɗuwa, ita kuma magana ta ragu a bakinta. In na dawo da labaran shago sai ta yi murmushin da bai kai zuci ba.

Wata Laraba na dawo na tarar ta ja ƙaramin teburin falo zuwa bakin taga. A kansa akwai littafin zane, fensir uku, da tsohuwar rezata da take feƙe su da ita.

Na ce, "Maman yara, firamare aka koma?"

Ta ce, "Tun ina yarinya nake so, Malam. Sarari ne ban samu ba sai yanzu."

Butar shayi ta fara zanawa. Na leƙa na ce wannan ai agwagwa ce. Ta kai mini duka da gefen mayafi tana dariya, ta goge, ta sake. Daga buta ta koma takalmana, daga nan ta koma bishiyar da ke gaban tagarmu, wadda ganyenta ya fara yin rawaya. Kullum da hantsi tana wurin, gefen hannunta baƙi ƙirin da fensir. Har waƙa ta dawo yi a kicin, abin da rabona da ji tun yara suna ƙanana.

Ranar wata Lahadi bayan abincin rana gyangyaɗi ya kwashe ni a kujera. Da na farka na gan ta tana rufe littafin da sauri. Na nace sai na gani. Ta miƙo tana sunkuyar da kai kamar ƙaramar yarinya. Ni ne a ciki, baki buɗe, kai ya karkace, kunnuwa kamar marfin tukunya. Na yi dariya har da hawaye. Ita ma ta yi, amma kaɗan.

Ta ce, "Don Allah, Malam, kada ka nuna wa kowa. Ban iya ba tukuna."

Na dafa ƙirji na ce, "Haba, wa zan nuna wa?"

Washegari tana wanka na sa reza na yanke shafin daga tushe, tsaf, yadda ba za ta lura ba. Wannan tsaftar yankan ita ta fi ba ni kunya yanzu, domin ta nuna ba kuskure na yi ba. Na san abin da nake yi. Na naɗe takardar na sa a aljihu, ina isa shago na manna ta da salatif a gefen babban madubi, daidai inda duk wanda ya zauna a kujera zai gani.

Ai kuwa kasuwa ta buɗe. Mai facin taya na kusa da mu shi ya fara gani, ya riƙe ciki ya zauna a benci. Malamin lissafi, wanda ke zuwa duk Asabar gyaran gemu, ya auna kunnuwan da mataji ya ce kowanne ya kai rabin fuska. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Mai Kunne. Ni kuma ina ƙara wa miya gishiri: ina kwaikwayon yadda take ɗan fito da harshe in tana zane, ina cewa mun samu babbar mai zane a gida, sai dai butarta agwagwa ce. Wani ya ɗauki biro ya ƙara ƙuda a bakin. Wani ya ƙara miyau yana zuba. Ban hana kowa ba.

Haka muka ci rabin Oktoba. A gida tana ta ƙwarewa, ta zana bishiyar nan ya fi sau goma, kowanne da ƙarancin ganye kan na baya. Da yamma ta nuna mini, in ce ya yi kyau, kuma da gaske nake. Da safe in je shago in sayar da ita a kan dariya. Ban taɓa jin abin ya dame ni ba, domin a ganina wasa ne, kuma ai ni ake wa dariyar.

Ran nan na manta maganin hawan jinina a kan firij. Maman yara ba ta zuwa shagona, a shekara talatin bai fi sau biyar ta taka wurin ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya ina tsaka da yi wa wani direban tasi aski, baƙo ne, ranar ya fara zuwa, sai na ji sallamarta a bakin ƙofa. Ta shigo da maganin a ƙulle cikin leda. Na ga lokacin da idonta ya sauka a gefen madubi, domin ta cikin madubin nake kallonta.

Direban bai san ko wace ce ba. Ya ga tana kallon takardar, sai ya ce, "Mama, kin ga abin dariya ko? Wai matarsa ce ta zana. Ya ce tsufa ne ya zo mata da gardama."

Ni na faɗi haka, minti biyar kafin ta shigo.

Injin aski yana ta ƙara a hannuna, na kasa kashe shi. Mai facin taya, wanda ya san ta, ya sulale ya fita. Ta matsa kusa ta dubi ƙudan da miyaun da aka ƙara. Ba ta cire takardar ba. Ta ajiye ledar kusa da kwalbar man gashi ta ce, "Ka sha bayan ka ci wani abu, Malam." Ta yi wa direban sallama ta fita.

Ni da ake cewa ba a kayar da ni a magana, ranar ko tari ban yi ba. Na gama askin, na ɓamɓare takardar, salatif ya yage gefenta. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa.

Na koma gida na shirya wa faɗa, har ina fatan a yi shi. Ba a yi ba. An dafa abinci, an kawo mini ruwa. Teburin dai ya koma inda yake da, an shimfiɗa masa ƙyalle, an ɗora rediyo. Babu littafi, babu fensir.

Na ce, "Maman yara, abin nan na ɗazu, wasa ne fa. Kin san halina."

Ta ce, "Na sani. Ba komai."

Wannan "ba komai" ɗin da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Nuwamba ta shigo da sanyinta. Bishiyar ta zubar da sauran ganyenta, ba wanda ya zana ta. Waƙar kicin ta ɗauke. Na je kantin littattafai na sayo akwatin fensir masu launi, mai hawa biyu, na kawo mata. Ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, ta ɗora a saman durowa. Bayan mako biyu na duba, ledarsa ma ba a ɓare ba. A shago kuma duk wanda ya ce Mai Kunne sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Malamin lissafi ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, don ya yi rabin awa a kujera ban tsokane shi ba.

Da abin ya ishe ni na tafi wurin yayarta, wadda ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, in roƙe ta ta sa baki. Yaya mace ce da ba ta rufa-rufa. Muna gaisawa ta ce, "Bakin ne ya kawo ka, ko ƙafar?"

Na buɗe baki zan fara bayani, sai idona ya kai bangon falonta. Takardu ne jere, an manna su da kyau. Ga hannuwan Yaya suna zura zare a allura, har jijiyoyin sun fito. Ga keken maƙwabcinsu jingine da bango. Ga mijin Yaya yana karanta jarida, tabarau a kan hanci, kamar ka kira shi ya amsa. A ƙasan kowanne akwai kwanan wata, duk na Nuwamba.

Na ce, "Yaya, wannan aikin wa?"

Ta ce, "Kai ma ka sani. Talata da Alhamis take zuwa, bayan ka fita. Awa biyu mijina ya zauna mata bai motsa ba, da ta gama ya ce Allah ya ƙara basira. Shi ke nan abin da ya ce. Da wuya?"

Ban iya shan shayin da ta kawo ba. Na yi murna da ba ta daina ba, wallahi na yi. Amma matata ce ke shiga mota ta tsallaka gari don ta samu inda za ta riƙe fensir hankali kwance, ni kuma ina nan ina tunanin akwatin launi zai gyara.

Da la'asar na same ta tana ninke kaya a ɗaki. Wannan karon ban sa wasa ba. Na ce na je gidan Yaya, na gani. Na ce na ci amanarta, na yanke shafin da gangan, kuma duk abin da direban ya faɗa daga bakina ya fito. Na ce ta yafe mini, ta maido teburinta bakin taga, in ma tana so in zauna mata awa biyu, ko huɗu, ba zan ce uffan ba.

Ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta har ta gama. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Malam, na yafe maka tun ranar. Ba riƙo nake yi ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ka san sau nawa na zana fuskarka kafin waccan? Sau tara, duk na yage. Waccan ce ta farko da na duba na ce, wannan mijina ne. Shi ya sa na bari ka gani."

Na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Na gwada a nan, sau biyu, bayan ka fita. Da na ɗora fensir a takarda sai in ji mutane suna dariya. Hannun ba ya tafiya. Ba da gangan nake yi ba."

Ranar Alhamis ban buɗe shago da wuri ba. Na ce zan raka ta. Ba ta ce a'a ba. Na ɗauki jakar da take sa littafinta, muka shiga mota tare, muka sauka, muka taka har ƙofar gidan Yaya. A bakin ƙofa na cire takalmi ɗaya zan shiga.

Ta miƙo hannu ta karɓi jakar a hankali.

"Ka koma, Malam," in ji ta. "Mutane suna jiran ka a shago."