Farantai Goma Sha Biyu

Farantai goma sha biyu ne a liƙe cikin akwatin gilashi, kowanne da ɗige-ɗigen ƙwayar tarin fuka kamar an barbaɗa gari. Auta ta kasa zama. Mako uku ta jira su tsiro, kuma digirinta a kansu ya rataya.

"Baba, ƙirga mini. Na san wanne ne wanne, idona zai yi son kai."

Dokar ɗakin binciken ke nan: mai gwaji ba ya ƙirga nasa. An rufe sunayen da lambobi, bayanin yana cikin ambulan. Baba kuwa shekara talatin ya yi yana duba majinar masu tari kafin ritaya, har da ta matarsa.

Ya gyara tabarau. "Me kika yi musu?"

"Ka san ƙwayoyin jiki masu haɗiye cuta? A cikinsu akwai wani ɗan guntun RNA, ɗan aike ne. Cutar tana tura shi ya ce musu su kwanta. A shida daga cikin gwaji goma sha biyun nan na toshe masa baki. Abin da ya tsere musu shi ya tsiro nan."

"Wato maigadi ya karɓi na goro."

"Bai karɓa ba, Baba. Takardar ƙarya ake kawo masa."

Ya fara ƙidaya. Ɗari biyu da tara. Arba'in da ɗaya. Auta tana kai da komo a bayansa.

"Ke, zauna. Sai ka ce kaza mai neman wurin ƙwai."

Da ya gama, ta yaga ambulan har da gefen takardar. Ta bi lambobin da yatsa, ta sake bi.

"Shidan ne, Baba. Masu ƙarancin nan, duka shidan da na toshe ne!"

Ta rungume shi, tabarau ya karkace.

"A faranti ne," ya ce. "Faranti ba ya tari."

Amma bai ajiye alƙalamin ba. Shekara tara da tarin ya kashe matarsa, yana riƙe da ita a zuci. Magani ya kai mata, abinci ya kai mata, don haka gani yake ita ce ta sallama wa cutar, ta bar shi da marainiya.

"Takardar ƙarya kika ce?"

"E, Baba."

Ko dai ita ma jikinta aka yaudara? Ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Juyo mini na farkon," ya ce. "Mu sake ƙirgawa."