Haddar Littafin Famfo

A shekarar fari ta tamanin da huɗu, famfon burtsatsen Unguwar Lalle ya ɗauke numfashi, mata suka koma tonon yashi a gulbi. Injiniya Kalilu ya san ciwon, fankar da ke cikin famfon ce ta cinye. Samun sabuwa kuwa sai ya gamsar da mutumin kamfani, wani Bakoriye da zai zo garin Isa ranar Alhamis ta makon gobe, ya wuni ya wuce.

Matsalar ita ce a Maraɗi Kalilu ya koyi aiki. Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Turanci ko na sayen gishiri babu.

To, hanya ɗaya ya sani ta karatu, wadda ya taso da ita. Ya ɗauko littafin famfon, wanda aka rubuta da Turanci, ya sa Wada akawu ya biya masa layi-layi yana duba zane, ya zauna gindin injin yana hadda, yana rangaji, har da jan murya. A gida ma haka.

"Malam," in ji matarsa Rahmatu, tana sauke tulun da ta ɗauko tun daga gulbi, "in ka sauke littahin ga, rago za mu yankawa ko akuya?"

"Ki dai yi ta dariya. Za ni ba ki mamaki."

Ya ce haka ne kawai, amma saɓar da gammo ya yi mata a ka ta tsaya masa a rai.

Ranar Alhamis Wada ya sha kwat a cikin wannan zafi, ya ce a bar masa tafinta. Ya zuba Turanci mai maiƙo, na gaisuwa da jinjina. Baƙon ya yi ta murmushi yana duba agogo, ashe ko kaɗan bai kama ba. Da aka zo kan ciwon famfo kuma, Wada ya ce injin dai ba shi da lafiya. Baƙon ya fara tattara takardunsa.

Kalilu ya miƙe tsaye. Abin da yake so, bayanin fankar, yana shafi na sha tara, shi kuwa mai hadda ba ya faɗowa a tsakiya. Sai ya runtse ido ya kama daga farkon babi, yana rangaji.

Wada ya rufe fuska don kunya.

Can sai aka ji murya ta biyu ta shigo. Baƙon ne, yana karɓa layi bayan layi. Shi ma ashe a wannan littafin ya koyi nasa Turancin, a can garinsu. Suka tafi tare har shafi na sha tara, inda Kalilu ya tsaya cak, ya ajiye cinyayyiyar fankar a kan tebur. Baƙon ya juya ta, ya kira direbansa ya buɗo bayan mota, ya ɗauko sabuwa.

Ranar Asabar ruwa ya zubo. Rahmatu ta tara tulunta a bakin famfo, taku arba'in daga ƙofar gidansu.

"Rago za mu yankawa," ta ce, ba ta kuma yi dariya ba.