Rabon Baba a Falalen Dutse

Tun da Baba ya rasu a farkon bazara, kowace Lahadi in an tashi daga coci nakan ɗauki Mama a akori-kurata mu shiga gandun daji, mu hau zuwa magangarar ruwa. Hanyar ba wata wahala gare ta ba. Kwalta ce, har masu tura keken jarirai suna hawa. Mama da sandarta tana kaiwa in ta ɗan huta a hanya. A can Baba ya nemi aurenta lokacin yana soja, a kan wani falalen dutse da ke bakin duhuwa, gefe da inda mutane ke ɗaukar hoto.

Ba hannu rabbana take zuwa ba. Tun muna yara, in ta gasa burodin masara a baƙin kaskonta, gefen da ya fi ƙonewa na Baba ne, wanda ya taɓa ya sha ludayi. Da ya mutu ba ta daina ware masa ba. Takan shafa zuma, ta naɗe a tsumma, ta ajiye a kan dutsen, ta kira sunansa ta ce, "Hoyt, ga naka." Sai mu sauko.

Ni Delmer a gindin duwatsun nan na Tennessee aka haife ni. Ban yi karatu mai nisa ba, walda na iya, amma ko yaron goye a nan ya san beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, in ta ɗanɗana abincin mutum ta gama yawo. Na sani sarai. Na yi shiru ne don tun rasuwar Mama ba ta kunna murhu sai saboda burodin nan, in kuma ta gasa takan ɗan ci. Na riƙa gaya wa kaina kurege ne ke cinyewa. Ban taɓa duba sawu a ƙasa ba, don kada in gani.

Da kaka ta shigo, wata Lahadi muka tarar da ma'aikaciyar gandun tsaye a bakin hanya tana tare mutane. Tackett aka rubuta a ƙirjin rigarta. Ta ce akwai wata ƙaramar beyar da ta rabu da uwarta bana, ta saba da magangarar ruwan. Makon jiya ta yaga jakar goyon wata yarinya. Sun kama ta, sun maƙala mata alama a kunne, sun kore ta da harsashin roba. In ta sake matso mutane, dabararsu ta ƙare. Ta ce wani ne ke ajiye mata burodi da zuma, sun ga ɓurɓushin a kan dutse.

Mama ta matse jakarta a hammata. "Harbe ta za ku yi, 'yata?"

"Allurar kisa ce, Mama. Ba za ta ji zafi ba."

Muka wuce. Da muka sha kwana na ce ta ba ni jakar in mayar mota. Ta tsaya ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Kai da kake kawo ni duk Lahadi, yau ne Allah ya buɗe maka baki?"

Ta ce ba za ta ajiye burodin ba, za ta je ne kawai ta gaya wa Hoyt dalili. Ta ce kuma in gyara wuyan rigata, ina tafiya kamar wanda aka koro daga mashaya. Na gyara. Na bar ta da jakar. Ni da na san hancin beyar yana jiyo zuma daga bayan dutse, na bar ta da jakar, don na fi tsoron bakin uwata.

Mun tarar da wurin cike, yara suna tsoma ƙafa a ruwa. Mama ta zauna a kan falalen dutsen tana haki. Ba ta buɗe jakar ba. Ta dafa dutsen ta ce, "Hoyt, yau babu," ta ci gaba da magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na juya baya don ba tawa ba ce.

Da na waiwaya, ga beyar ɗin ta fito daga duhuwa. Ba ta fi babban kare ba, duk ta rame, ga alamar nan ruwan ɗorawa a kunne. Ba ta yi gurnani ba, ba ta nuna haƙori ba. Ta taho kai tsaye, ta tsaya 'yar tazara da Mama, ta zauna ta zuba wa jakar ido. Ta san mu. Wataƙila duk makonnin nan tana cikin duhuwar tana jiran mu tashi.

Na daka mata tsawa, na ɗaga hannuwa, na ɗebi duwatsu na yi ta jifa. Ɗaya ya same ta a kafaɗa. Ta ɗan ja baya, ta sake dawowa. Mata suka kwashe 'ya'yansu daga ruwa, wasu kuma suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Mama ta miƙe tana buga sanda a ƙasa.

"Tafi, 'yar banza! Tafi mana, don Allah!"

Sai da maza da yawa suka taru muka yi ta ihu tare sannan beyar ɗin ta juya. Ta hau gangaren a hankali, tana tafiya tana waiwaye.

Muna saukowa muka haɗu da Tackett tana hawa da sauri, rediyon oba-oba a hannu. Labari ya riga mu. Mama ta tare ta da sanda, ta buɗe jakar, ta warware tsumman.

"Ni ce mai burodin."

Tackett ta dubi burodin, ta dubi Mama, sannan ta dube ni. Ni ta fi daɗewa tana kallo. Na ce mata tunda mu muka hau da ƙanshin, ai ba laifin dabbar ba ne, a yi haƙuri kada a lissafa wannan. Ta ce ta san ba laifin dabbar ba ne, ba a taɓa samun wadda laifin ya zama nata ba, amma akwai yara a hanyar nan. Ta ce mu tafi da burodin gida, za su neme mu. Ta wuce.

A tsakiyar mako aka rufe hanyar. Kafin Asabar an buɗe. A garinmu ba wanda ke buƙatar a yi masa bayani, kowa ya san an yi wa beyar ɗin allurar.

Ranar Lahadi na je ɗaukar Mama zuwa coci, na same ta da rigar zaman gida, ɗakin girki duk ƙanshin masara. Ta tambaye ni ko an buɗe hanyar. Na ce an buɗe. Ta gyaɗa kai, ta ce in zauna.

Ta yanko gefen da ya fi ƙonewa, ta shafa zuma, ta ajiye a gabana. Ni tun ina yaro ba na son gefen nan, ɗaci yake mini, ta kuma sani.

"Ka ga yadda dabbar nan ta zauna?" in ji ta. "Kamar babanka in yana jiran a zuba masa."

Na ce na gani.

Na fara ci. Ta zauna tana kallona har na cinye. Sai ta share ɓurɓushin da ya zube a tebur cikin tafin hannunta, ta juye mini a faranti.