Yara Huɗu, Suna Ɗaya

A ƙauyensu Nerina kowa ya san ma'anar sunan Diotallevi, wato "Allah ya raya ka", kowa kuma ya san inda ake samo shi. Ba sunan gado ba ne. Addu'a ce da sistocin coci masu kula da gidan marayu na birni suke liƙa wa jariran da aka ajiye musu a akwati mai juyawa da ke jikin bango. Uwa ta sa ɗa daga waje, ta juya akwatin, ta kaɗa ƙararrawa, ta yi gaba. Haka aka yi wa Ermete, mahaifin Nerina, shekara saba'in da tara da suka wuce.

Mutum ne mai taurin kai na gasken gaske. Ya ƙare rayuwarsa a ɗinkin takalma, ko da wasa bai taɓa ta da zancen ba, sai da ciwo ya kwantar da shi likita ya fara girgiza kai.

"Nerina, je ki birni ki samo min sunan matar nan."

"Wace mata, Baba?"

"Wadda ta yar da ni mana! Ko so kike in mutu ban san wadda nake fushi da ita ba?"

Washegari ta hau motar safe. A gidan marayun wata tsohuwa, Sista Clelia, ta ɗauko mata littafin shekarar, sai warin danshi da ƙura yake. Ga shi nan a rubuce: namiji, cikin tsumman ulu, da rabin lambar azurfa a wuyansa. Iyaye mata kan riƙe ɗaya rabin, ko Allah zai sa su dawo wata rana. A gefen sunan kuma an zana ƙaramin gicciye, alamar ya rasu.

"Sista, wannan mamacin ai da safen nan na ba shi kofi, har ya ce ban iya dafawa ba."

Tsohuwar ta gyara tabarau, ta bi layin da yatsa. Maza huɗu aka tsinta a makon, duk aka sa musu Diotallevi. Uku suka mutu kafin yaye. Mai rubutu ya ga suna iri ɗaya a jere, ya bi su da gicciye har huɗun. A ƙasa akwai wani rubutu da tawada daban: bayan shekara shida wata mata ta zo da ɗaya rabin lambar, aka duba littafi, aka shaida mata ɗanta ya rasu. Ta roƙi a nuna mata kabari, babu. Ba ta faɗi sunanta ba.

Nerina ta yi kuka a mota har mai karɓar tikiti ya kau da kai. Baƙin cikin ya fi ƙarfinta, ga kuma tsoron abin da za ta faɗa wa tsoho.

Ta same shi ido biyu, yana kallon ƙofa.

"To? Sunan?"

"Babu suna, Baba. Amma ta dawo neman ka. Aka ce mata ka mutu."

Ya juyo ya dube ta.

"Ina da shekara nawa da ta zo?"

"Shida."

"Shida," ya ce a hankali. "Lokacin ina gonar su Baldoni da suka riƙe ni, ina kiwon agwagi a bakin titi. Duk mai fitowa daga birni ta gabana yake wucewa." Ya kama hannunta. "'Yar nan, ni fa kowa ya wuce sai na gaishe shi."