Ruwan Mutumin Nan

Hajj Salih na ƙauyen Hillat Bawa, kusa da Kamlin, mutum ne mai sauƙin kai a komai, in ban da maganar shugabancin lajna, wato kwamitin gari. Nan kam ba ya jin kira. Shi ɗan ɓangaren Attahiru ne tun zaɓen farko, har ya rantse ba zai sake kama sunan Maliki, abokin hamayyar Attahiru, da bakinsa ba. In maganar ta zama dole sai ya murɗa baki ya ce "mutumin nan."

Mati, wanda hawasharsa, wato gonarsa, ke manne da ta Salih suna shan ruwa a tur'a ɗaya, magudanar ban-ruwa, shi ma ya yi irin wannan rantsuwa, sai dai a juye. Shi ɗan ɓangaren Maliki ne, Attahiru ne "mutumin nan" a wurinsa. Tare suka tashi, tare suka yi tsinkar auduga suna samari, amma shekaru ke nan gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa.

A shekarar da za a sake zaɓe, Salih ya faɗo daga kan karo, keken da jaki ke ja, ya karye a ƙafa. Aka kai shi Rusairis wurin 'yarsa Huda, ya daɗe can yana jinya. Kafin ya dawo, Attahiru, wanda ke kan kujera a lokacin, ya yi ta zirga-zirga har aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse, aka kafa sahrij, ƙaton tanki bisa ƙafafun ƙarfe, aka ja famfo zuwa gidaje.

Ranar da Salih ya dawo, rana ta take sosai. Ya zauna a kan angarib, gadon igiya, a inuwa ya miƙe ƙafar, matarsa Asabe ta kawo masa ruwa a kwano. Ya shanye tas, ya miƙo kwanon a ƙara.

"Ma sha Allah! Wannan ruwa kamar an sa zuma. Na sabon tankin nan ne da na hango?"

"Shi ne," in ji Asabe.

"Ba sai an faɗa mini ba. Aikin namu ne. Attahiru, ɗan halak! Yana lafiya? Ya yi ƙiba? Wa ke tare da shi yanzu?"

Asabe ta dube shi. Tun da ya shigo bai tambayi lafiyarta ba. Bai tambayi awakin da ta yi ta fama da su ba, balle dawar da ta tsaya a rana har aka girbe. Sai ta ɗauki kwanon tana goge gindinsa da gefen tobin da ta yafa, ta ce a hankali, "Ai ba Attahiru ba ne, Abu Huda. Maliki ne ya kawo. Ɗansa na Saudiyya ya taimaka masa."

Salih ya motsa harshe a baki, ya taɓa maƙogwaro.

"Da ma na ji wani abu a ƙarshensa," ya ce. "Tsatsa. Da ɗan ɗaci-ɗaci."

"Yanzu ka ce zuma."

"Ƙishirwa ce ta ce, ba ni ba. Kada ki sake ba ni ruwan mutumin nan a gidan nan."

Asabe ta yi niyyar faɗa masa gaskiya bayan sallar magariba. Amma da ta ga yana kurkure baki da shayi yana tofarwa, sai ta ga babu gaggawa.

Washegari da sassafe Salih ya ɗaura wa jaki karo, ya jera jarkoki, ya ɗauki sandarsa ya nufi tsohuwar rijiya da ke bayan gari, wadda kowa ya watsar tun da aka kafa tanki. Yana isa ya tarar da mutum guda yana jan guga. Mati ne. Shi tun ranar da aka buɗe famfo ya ce ruwan Attahiru ba zai wuce maƙogwaronsa ba, kullum nan yake ɗiba.

Suka dubi juna, kowa ya dubi jarkokin ɗan'uwansa.

"Hajj Salih, barka da dawowa. Mi ya kawo ka nan da wannan ƙafa? Famfonku ya lalace?"

"Lafiyarsa lau. Ni ne ba na shan ruwan mutumin nan."

Guga ya kusa suɓuce wa Mati. "Kai? Kai ba ka sha?"

"Na ɗanɗana jiya. Tsatsa zalla. Kai fa, ya Mati? Na zaci kai ne za ka fi kowa kwankwaɗa."

"Ni? Allah Ya kiyaye! Tankin da aka kafa don zaɓe? Ka duba ƙafafunsa, a karkace suke."

"Wallahi na lura!" in ji Salih, idonsa ya kawo haske. "Wata rana a kan mutane zai faɗo."

Mati ya karɓi jarkokin Salih ya cika masa da hannunsa, ya ce mai karaya bai kamata ya ja guga ba.

Salih ya dawo gida yana fara'a. "Asabe, Mati ya dawo hanya! Da kunnena na ji yana zagin aikin mutumin nasu." A daidai lokacin, a can gidan Mati, yana gaya wa matarsa Hafsa cewa faɗuwar nan daga karo ta gyara wa Salih ƙwaƙwalwa.

Da hantsi matan biyu suka haɗu wurin jabana, zaman shan gahawa. Asabe ta kwashe labari ta faɗa, Hafsa ta yi dariya har gahawa ta sarƙe ta. Kafin azahar duk matan gari sun sani, kafin la'asar mazansu sun sani. Attahiru yana birnin Madani neman kayan gyaran injin rijiyar, saboda haka babu wanda zai ɓata wasan. Masu zuwa duba Salih kuwa, Asabe na tare su tun daga ƙofa ta ja musu kunne. Har 'yan Attahiru abin ya yi musu daɗi. Sadisu, surukin Attahiru, ya zauna yana jin Salih na bayanin yadda ruwan ke sa kumburin ciki, ya cije leɓe ya cije, daga ƙarshe ya ce fitsari ya matse shi ya fita da gudu.

A rijiya kuwa zumunci ya dawo sabo. Kullum da safe tsofaffin biyu su haɗu, su zauna a bakin rijiyar suna cin dabino suna sassaƙar mutumin nan. Salih ya ce tun yana yaro bai da gaskiya. Mati ya ce ai gadonsa ne. Salih ya ce ya ga tsutsa a ruwan da idonsa. Mati ya ce shi biyu ya gani. Daga nan sai hira ta gangara zuwa zamanin auduga da 'yan matan da suka yi wa waƙa, su yi ta dariya har jakunansu su gaji da tsayuwa.

Ranar Juma'ar da ta gabaci zaɓe aka yi taron gari bayan la'asar, a ƙarƙashin itatuwan nim, wato dogon yaro, na gaban makaranta. Maza a gaba, mata a gefe. Attahiru ya dawo daga Madani a ranar, ya tashi ya yi jawabi, rabinsa Hausa rabinsa Larabci, ya faɗi wahalar da ya sha kan tanki. Salih bai ji wannan ba, don ƙafa ta sa ya makara. Yana isowa Attahiru ya hango shi, ya ji daɗi ƙwarai.

"Ga babanmu Hajj Salih, Allah Ya ƙara sauƙi. Ya Hajj, faɗa wa jama'a abin da ka gani game da sahrij."

Salih ya dogara sanda ya tsaya a tsakiya. Ya gyara rawani.

"Jama'a, ni ba na ɓoye gaskiya. Wannan tanki masifa ce aka kafa mana. Ruwansa tsatsa, ƙafafunsa a karkace, ga tsutsa. Wanda ya kawo shi bai kawo don Allah ba, ƙuri'unku yake so. Duk wanda ya zaɓi mai wannan aiki, ya zaɓi ciwon ciki!"

"Gaskiya ne!" Mati ya miƙe yana ɗaga sanda. "Faɗa musu, ɗan'uwana!"

Maliki, da ke zaune gefe, ya buɗe baki yana duban Salih kamar an yi masa kyautar saniya. Attahiru kuwa murmushinsa ya bushe a fuska.

"Ya Hajj," ya ce, "ni ne fa na kafa shi."

Sai wata tsohuwa daga cikin mata ta fashe da dariya, gari duka ya bi ta. Sadisu har da kwanciya a tabarma. Salih ya juya a hankali ya dubi wajen mata. Asabe ta ja tobi ta rufe fuska, kafaɗunta sai rawa suke.

Amma Salih bai zauna ba. Ya ce a kawo masa ruwan a kofi. Aka kawo. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya kurɓa, ya lumshe ido.

"An wanke tankin nan kwanan nan?"

"Ba a taɓa shi ba," in ji Attahiru.

"To khalas, na gane. Maganin da likitan Rusairis ya ba ni ne, shi ke sa komai ɗaci a bakina. Yau na gama shi. Jama'a, wannan ruwa ko a Kartum babu irinsa."

"Tsutsar fa?" Mati ya daka tsawa. "Kai ka ce ka gani da idonka!"

"A kofin take. Kofin gidanmu ne bai wanku ba. Ƙafafun kuwa da gangan aka ɗan karkata su, saboda iska."

"Munafuki! Na yi ta ja maka guga a banza!"

"Kai ne mayaudari! Kana ta mutumin nan, mutumin nan, ashe nawa kake zagi, ni kuma ina ba ka dabino!"

Sai da liman ya shiga tsakani aka raba su.

A gida Salih ya ƙi yi wa Asabe magana har aka kawo kisra, abincin dare. Ya ci loma biyu, ya ce, "Kin kunyata ni a gaban gari."

"Ni ruwa kawai na ba ka, Abu Huda. Tsutsar kai ka saka."

Can ya ce, yana kallon kwano, "Ya awakin suka yi da ba na nan?"

"Yau ka tuna da su? Ɗaya ta haifi biyu."

Da aka yi zaɓe Maliki ne ya ci, da ƙyar, kuma mutane da yawa sun ce jawabin Salih ya taimaka masa. Ranar da aka miƙa wa Maliki makullin ɗakin injin, Mati ya buɗe famfon gidansa ya sha ya ƙoshi, ya ce ruwa ya gyaru tun da ya shiga hannun masu tsoron Allah.

Salih ne ya shiga tsaka mai wuya: tanki na mutuminsa, makulli a hannun mutumin nan. Ya yi ta tunani, daga bisani ya kira Asabe ya yanke hukunci. Zai sha, amma sai an zuba ruwan a randa ya kwana, don abin da sabon shugaba ya taɓa ya kwanta a ƙasa.

"To," in ji Asabe. Ta tari na famfo a kwano ta bayan ɗaki, ta kawo masa.

Ya sha, ya gyaɗa kai. "Kin ji bambanci ko?"